Yau Kin Ga Mutum?

Umma tana da wata tambaya da ba ta fasa yi mini duk ranar da muka yi waya. Da mun gama gaisawa sai ta ce, "To 'yar nan, yau kin ga mutum?" Na fi wata goma ina ce mata, "Na gani, Umma." A ganina ba ƙarya nake yi ba, tunda kullum ina ganin fuskoki bakwai ko takwas a gilashin kwamfuta, kowacce a cikin ɗan akwatinta. Amma ita ba su take nufi ba, kuma ni ma na san da haka.

Sana'ata gwajin manhaja. Kafin a saki manhaja ga jama'a, ni da ire-irena ne ke zama mu latsa nan mu latsa can, mu gano inda take tuntuɓe, mu rubuta wa maginanta su gyara. Kamfanin da nake yi wa aiki ba shi da ofishin da ake zuwa. Shugabar sashenmu tana Kanada, mutum biyu suna Indiya, sauran a warwatse suke a Turai. Na fara da su a 2020, shekarar da korona ta rufe kowa a ɗaki, wadda kuma a cikinta ƙasashe suka fara zawarcin masu aiki daga nesa. Estoniya ta fito da bizarta a watan Agustan shekarar. Fotugal ta buɗe tata a ƙarshen Oktoban 2022, bisa sharaɗin albashinka daga wajen ƙasar yake zuwa, kuma ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. A 2023 mafi ƙarancin albashin Yuro 760 ne, ke nan sai mai samun 3,040 a wata. Nawa ya haura da kaɗan. Na tara takardu, na jira, aka ba ni. A watan Mayun 2023 na sauka Lisbon da akwati biyu.

Gara in faɗi gaskiyar abin da ya fitar da ni, don in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Aurena ne ya mutu bayan shekara shida. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma na gaji da kallon tausayi, na gaji da yadda hira ke yankewa in na shigo ɗaki. Na roƙi Allah Ya kai ni inda ba wanda ya san labarina. Ya kuwa amsa mini.

Watannin farko na ji daɗinsu, ba zan musa ba. Na kama ɗan gida a hawa na uku a wata tsohuwar unguwa mai hawa da gangara, in na leƙa ta taga ina hango bakin kogin Tejo tsakanin rufin gidaje. Saboda Toronto na bayan Lisbon da awa biyar, Indiya kuma tana gaba, taronmu sai da rana tsaka yake yiwuwa, aikina kuma yakan kai ni takwas ko tara na dare. Lokacin da mutanen gari ke tashi daga aiki su cika tituna, ni ina tsakiyar nawa. Lokacin da na rufe kwamfuta, shaguna sun rufe, maƙwabta sun shige. A Slack, manhajar da muke tura wa juna saƙonnin aiki, akwai wani ɗan ɗigo kore da ke nuna kana nan. Muddin ɗigon nan yana kore, a wurin duniya ina raye kuma ina lafiya. Akwai makon da na ƙirga, na tarar kalmomin da na furta wa mutum ido da ido ba su wuce "bom dia" da "obrigada" ba, wato barka da safiya da na gode.

Na yi ƙoƙari. Na biya kuɗin tebur a irin wuraren nan da masu aiki daga nesa ke haya su zauna tare, na kuma shiga rukunoninsu na WhatsApp. Mutanen kirki ne yawancinsu, masu fara'a. Sai dai hirar ba ta wuce tambaya uku: daga ina kike, me kike yi, yaushe za ki tafi. Ta ukun ce ta fi ci mini rai, domin su a wurinsu tafiya ita ce asali. Da yawansu ba su da izinin zama, dokar Schengen, yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, ce ke riƙe da su, wadda ta ba baƙo kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Da kwanakin sun kusa cika sai a naɗe tabarma, wannan ta nufi Bali, waccan Mekziko. Sau uku ina shaƙuwa da mace har mu fara faɗa wa juna abin da ke zuci, sau uku ina raka ta da ido. Ashe da gaske ne baƙo raɓa ne. Ga shi kuma haɗuwarsu yawanci da dare ne a mashaya. Ni da mayafina da kofin ruwa a hannu, ina lissafin jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe da kuma wane lungu ne ba shi da fitila a hanyar gida. Lissafin nan mace ce kawai ta san nauyinsa. A hankali na daina zuwa, ba kuma wanda ya tambayi dalili.

A watan Disamba zazzaɓi ya kwantar da ni. Tsofaffin gidajen Lisbon ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, sanyinsu mai danshi ne, yana ratsa bango ya shiga ƙashi. Na rubuta wa abokan aiki cewa ba ni da lafiya, nan da nan saƙonni suka shigo, kowa da alamar zuciya da fatan samun sauƙi. Har ga Allah na san da zuciya ɗaya suka turo. Amma a dare na biyu ƙishirwa ta tashe ni, gorar da ke gefen gado ta ƙare, na kasa miƙewa. Na kwanta ina kallon ƙofar kicin, taku bakwai tsakanina da ita. Na ɗauki waya na bi sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa, sun haura ɗari uku, babu ko ɗaya da zai iya miƙo mini kofin ruwa kafin gari ya waye. Da rarrafe na je. A ƙasan kicin ɗin na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ba ni takardar saki. Da Umma ta kira washegari na gyara murya na ce mura ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Zumunci a ƙafa yake, 'yar nan. Wa kika taɓa takawa kika je wa a garin nan?" Ban da amsa.

Ina jinya na yi ta karance-karance, na ga ashe abin da ke damuna har hukumomi sun sa masa ido. A watan Mayun shekarar babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane na iya yi wa lafiya illa kwatankwacin shan taba har kara 15 a rana. A Nuwamba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan lamarin. Na ɗan ji sanyi da na san ba ni kaɗai ba ce, amma karatun bai miƙo mini ruwa ba shi ma.

Abu na farko da na yi bayan na warke shi ne roƙon shugabata ta bar ni in riƙa farawa da sassafe kwana biyu a mako. Ta amince ba tare da ja-in-ja ba, har na ji kunyar wata bakwai da na yi ban tambaya ba. Da wannan na shiga ajin koyon harshe na kyauta da gwamnati ke yi wa baƙi, wanda ake kira Português Língua de Acolhimento, awa 150 kafin a kai matakin A2. Da yamma ake yi, a wata makarantar gwamnati, a kan kujerun yara. Ajinmu akwai 'yan Nefal da Bangaladash da Yukiren da Maroko. Wasu da kayan aiki a jikinsu suke zuwa, wasu barci na fizgarsu. A nan na fara ganin wani Lisbon da ban taɓa gani ba daga tagata. Su ba su zo don kallon kogi ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan tafi.

Da azumin 2024 ya kama a watan Maris, na shiga jirgin layin shuɗi na sauka a Praça de Espanha, na taka zuwa babban masallacin Lisbon. An buɗe shi tun 1985, al'ummar da ta gina shi kuma Musulmin da suka zo daga Mozambik ne suka kafa ta a 1968, amma ni wata goma ina garin ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ina tsoron a tambaye ni ina mijina. A sashen mata na tarar da 'yan Gini Bisau da Senigal da Bangaladash da Mozambik, yara na ta tsallake ƙafafun mutane. Ban san kowa ba. Amma da aka tayar da salla wata ta jawo hannun rigata don in cike sahu, kafaɗarta ta haɗu da tawa. Rabon da jikin wani ɗan Adam ya taɓa nawa har na manta.

Ita ce bayan an idar ta ga ina latsa waya da sauri, ta matso. Dattijuwa ce Bafulatana daga Gini Bisau, za ta yi sa'ar Umma. Ta ciro wata jakar leda mai zif daga cikin mayafinta, cike da takardu da suka sha ninki har sun fara rabewa, ta ɗora mini a cinya tare da wayarta mai fasasshen gilashi. Da guntun harshen da na koya da nunin hannu na fahimci matsalar. An ce mata an turo saƙo game da takardunta ta imel, ita kuma ba ta san yadda ake buɗewa ba. Wani ne ya buɗe mata imel ɗin shekarun baya, ya karɓi kuɗi, ya riƙe kalmar sirrin, duk sanda take son a duba sai ta sake biya. Na duba na ga lambar wayarta ce a jikin asusun. Cikin minti ashirin muka sauya kalmar sirri, na rubuta mata ita da manyan baƙaƙe a bayan wani ɗan littafin addu'o'i, muka buɗe saƙon. Saura kwana tara wa'adin ya wuce. Ta kama hannuwana biyu ta haɗa a cikin nata, tafinta kaushi kamar dutsen goge ƙafa saboda sinadarin wanke-wanke, ta yi ta addu'a da harshenta. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai "amin" da matan gefe ke amsawa. Daga ranar nake ce mata Inna, ita kuma tana ce mini "filha", wato 'yata.

Juma'ar da ta biyo baya mata uku ne ke jirana, kowacce da jakar ledarta.

Kamar wasa abin ya koma kowace Asabar a falon Inna a Amadora, 'yan mintoci a jirgin ƙasa na layin Sintra. Yawancin matan shara da goge-goge suke yi. Su ne ke cika jiragen farko na asuba, su gyara ofisoshi kafin ma'aikata su iso, wasu kuma suna kula da tsofaffi a gidaje. A Fotugal rayuwar baƙo a kan lambobi take tafiya: lambar haraji da ake kira NIF, lambar inshorar ma'aikata, lambar asibiti. Kusan komai ta intanet ake nema, wadda ba ta iya ba kuwa sai ta biya wani, ko ta dogara da miji ko ɗa, ko da ba ta so su san sirrinta. Makonnin farko ni nake yi musu komai, ina jin daɗin godiyar. Sai na lura ina neman zama irin mutumin nan da ya riƙe wa Inna kalmar sirri, bambancinmu kawai ni ba na karɓar kuɗi. Daga nan na kafa doka: ba na taɓa wayar kowa. Ina zaune a gefe, hannuwana a cinya, ke za ki latsa ko da za mu kai magariba. Mun koyi ɗaukar hoton takarda a miƙe ba inuwa, mun koyi gane saƙon 'yan damfara da ke cewa an rufe asusunki na banki, mun koyi karanta takardar albashi layi-layi. Wata ta gano da kanta cewa awannin da ta yi ranar hutu ba a saka mata su ba, ta rubuta saƙo da hannunta, aka biya ta. Yadda ta shigo falon ranar tana ɗaga waya sama, na fi jin daɗinsa a kan duk wani yabo da aka taɓa yi mini a wurin aiki. Jikar Inna kuma, 'yar shekara goma sha tara, ta tsaya a bayana wata rana tana kallon yadda nake farautar kuskure a manhaja, ta ce, "Wannan ma aiki ne ana biya?" Yanzu ita ke riga ni ganin wasu.

Akwai abin da ya yi mini ɗaci, ba zan tsallake shi ba. Da bakina ya ɗan buɗe, na fara hira da tsohuwar da ke hawa na huɗu, wadda ta haura shekara tamanin kuma ita kaɗai take zaune. Wata rana a kan matakala ta ce mini, "Lokacin sanyin nan na ga wankinki a igiyar taga kwana huɗu ruwa na dukansa. Na san ba lafiya ba. Na sauko har bakin ƙofarki, sai na koma." Na ce me ya sa, senhora? Ta ce iyalin da suka shekara ashirin a gidan da nake ciki an ƙara musu haya har sai da suka tashi, tun daga nan baƙi ke shiga suna fita, ba mai son a ƙwanƙwasa masa. Ba da faɗa ta faɗa ba. Na hau sama jikina a sanyaye. Hayar da nake biya ita kaɗai ta fi abin da wasu matan Asabar ke samu a wata. Tun Afrilun 2023 mutane ke fita zanga-zangar tsadar gidaje a Lisbon da Porto a ƙarƙashin taken "Casa para Viver", gida don zama, ni kuma ina wuce rubutun bango da ke cewa ire-irenmu su koma inda suka fito, ina ɗauke kai. Laifin ba namu ne mu kaɗai ba. Akwai gidajen da aka mayar masaukin 'yan yawon buɗe ido, akwai ƙarancin sababbin gine-gine, akwai ƙarancin albashi. Amma mai karɓar albashin waje yana zaune a unguwar masu ƙaramin ƙarfi yana da kaso a ciki, ni ma ina da nawa. Ina biyan harajina a nan, kuma Asabar ɗin da nake bayarwa ba ta goge wannan ba. Abin da na iya yi shi ne na daina zama kamar mai jiran jirgi. Na ba tsohuwar makullin gidana na biyu, ita ma ta ba ni nata.

Inna ce ta gyara mini sauran. Wata Asabar bayan kowa ya watse ta zaunar da ni ta ce, "Filha, wata shida kina zuwa gidan nan, ba ki taɓa cewa ga abin da ke damunki ba. Ke ba kya buƙatar kowa? In haka ne ai ma'aikaciya muka samu, ba 'ya ba." Maganar ta soke ni, domin ta gano ni. Bayarwa ba ta tona asiri, roƙo ne ke tonawa. A ranar na ba ta labarin aurena, da karyayyen harshe, rabi da hawaye. Ba ta yi mini kallon da na gudo wa ba. Ta ce ita ma an taɓa sakinta, tana da goyo. Da likita ya ce sai an yi mini wani ɗan ƙaramin aiki a asibiti bayan wata biyu, na buɗe baki na ce ina tsoro, ina son a raka ni. Ta ba da ranar aikinta ga wata, ta zauna a kujerar jira awa biyar da carbi a hannu.

Ranar Litinin 28 ga Afrilun 2025, wajen sha ɗaya da rabi na safe, ina shirin shiga taro sai fitilar na'urar intanet ta mutu. Na ɗauka gidanmu ne kawai. Ashe Fotugal da Sifaniya ne kusan gaba ɗaya wuta ta ɗauke. Jiragen ƙasa suka tsaya, fitilun kan hanya suka mutu, na'urorin biyan kuɗi da kati suka daina aiki, can kuma layin waya ya bi su. Ɗigona kore ya ɓace, ba wanda zan iya gaya wa dalili. Na rufe kwamfutar na hau hawa na huɗu. Na tarar da tsohuwar tana laluben wata tsohuwar rediyo mai batir. Na riƙe mata hannu muka sauko a hankali, taka ɗaya hutu ɗaya, muka zauna a bakin ƙofar gini. Kafin la'asar rabin layinmu sun kewaye rediyon nan, mutanen da na shekara biyu ina wucewa ban san muryarsu ba. Wani ya tambayi wace ce ni, kafin in buɗe baki tsohuwar ta ce, "A vizinha do terceiro," maƙwabciyarmu ta hawa na uku.

Rana ta yi sanyi sai na hango wata tana hawo gangaren layinmu, takalmi a hannu. Jikar Inna ce. Wutar ta ɗauke tana wurin aiki a tsakiyar gari, ga hanyar Amadora a gabanta mai nisa, amma ta juyo ta yi tafiyar kusan awa guda a ƙasa zuwa wurina. Tana haki ta ce, "Na san in na isa gida abin da kaka za ta fara tambayata ke nan, ko an duba ki." A gidana ta kwana. Muna zaune a duhu da kyandir ɗaya, dare ya fara nisa, sai fitilun unguwar suka kama, mutane suka yi ta tafi da sowa ta tagogi.

Da safe layi ya dawo, kiran Umma ne ya fara shigowa. Ta ji labari a rediyo, ta kwana ba ta runtsa ba. Na ce mata lafiya ƙalau nake. Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala, sannan ta ce, "To, jiya kin ga mutum?" Na ce, "Umma, gyara zama," na fara lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya.